TALLAFIN GWAMNATI GA MANOMAN TABA: DARASI DAGA WATA GUNDUMA TA ƘASAR AMURKA

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu, waɗanda sau da yawa ta hannunsu taimakon Gwamnati ya ke bi kafin ya kai ga talakawa. Ana bayyana a cikinsa yadda Gwamnatin Amurka ta tallafi manoman taba har shekara 71, tun daga 1933 zuwa 2004, da yadda ta biya su diyya sa'ad da ta janye hannunta. An ɗauki gunduma ɗaya domin misali, watau gundumar Pitt ta Jihar Karolina ta Arewa, wadda babban garinta Greenville ne. Ba a kawo labarin domin a kwaɗaitar da kowa ga noman taba ba. Abin da a ke so a lura da shi shi ne yadda a ke rubuta masu hakki, da yadda a ke raba kuɗi, da abin da ya kan biyo bayan rabon.

1. Ƙasar da Amfaninta

A Amurka kowace jiha an kasa ta gunduma gunduma, yawancin gundumomi kuwa suna da ofishin aikin gona na Gwamnatin Tarayya. Gundumar Pitt tana cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigawa ta gabashin jihar, ta kuwa daɗe cikin gundumomin da suka fi noman taba a ƙasar duka.

Tabar da aka fi nomawa a Amurka iri biyu ce. Akwai tabar gashi, wadda a ke jerawa cikin rufaffen ɗaki a gasa ta da zafin da ya ke bi ta bututu, har ganyen ya zama rawaya. Ita ce ta Karolina ta Arewa da maƙwabtanta. Akwai kuma tabar shanya, wadda a ke ratayewa cikin rumfa iska ta busar da ita. Ita ce ta Jihar Kentaki da Tenesi. Taba amfani ne mai cin aiki ƙwarai, tun daga yafin iri da dashe, har karyar kai da tsinkar ganye ɗaya ɗaya. Amma eka ɗaya ta taba ta kan kawo kuɗin da eka da yawa na masara ba su kawowa. Saboda haka a da magidanci mai 'yar ƙaramar gona ya kan riƙe iyalinsa da eka uku ko huɗu na taba.

2. Abin da Ya Jawo Tallafin

A da manoma su kan kai tabarsu manyan sito-sito na gari, inda a ke sayar da ita gwanjo. Masu sayarwa dubbai ne, masu saye kuwa kamfanoni ne 'yan kaɗan. In kaka ta yi kyau taba ta cika kasuwa, sai farashi ya faɗi. In farashi ya faɗi, sai kowane manomi ya ƙara faɗin gonarsa baɗi domin ya biya bashi, sai kuma farashin ya daɗa faɗuwa. Sa'ad da kasuwar duniya ta karye tun daga 1929, abin ya kai maƙura. A 1931 laba ɗaya ta tabar gashi ba ta kai senti 10 ba.

A 1933 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu ga Dokar Gyaran Noma. Cikin watan Satumba na wannan shekara manoman Karolina ta Arewa suka tayar da ƙura saboda arahar tabarsu, har Gwamnan jihar ya sa aka rufe kasuwanni. Cikin kwanakin da kasuwanni su ke rufe, malaman gona suka bi gida gida, manoma suka sa hannu ga alkawarin rage gonakinsu. Gwamnati ta yi musu alkawarin kuɗi bisa kowace eka da aka ƙyale, kamfanoni kuma suka yarda su ƙara farashi. Kuɗin kuwa daga wani haraji ya fito, wanda aka aza wa masu sarrafa taba.

A watan Janairu 1936 Kotun Ƙoli ta rushe wannan tsari, ta ce Gwamnatin Tarayya ta wuce iyakar ikonta. Majalisa ta sake shiri, ta kafa sabuwar doka a 1938. Bisa wannan doka ta biyu aka tafi har 2004.

3. Ƙafafu Biyu na Tsarin

Tsarin 1938 bisa abu biyu ya tsaya, ɗaya kuwa ba ya tsayuwa sai da ɗayan.

Na farko shi ne kaso. Kowace shekara Ma'aikatar Gona ta kan ƙiyasta yawan tabar da kasuwa za ta iya ɗauka, sa'an nan ta raba wannan adadi ga gonaki gwargwadon abin da kowace gona ta saba nomawa a da. Abin da gona ta samu shi ne kasonta. Wanda ya sayar da abin da ya wuce kasonsa ana cin sa tara mai nauyi, wadda daga baya ta kai kashi 75 cikin 100 na farashin bara. Da irin wannan tara ba mai sha'awar ƙetare haddi.

Na biyu shi ne farashin da ba a sauka ƙasa da shi. Kafin a fara gwanjo, malamin Gwamnati ya kan duba kowane tari ya ba shi lamba, kowace lamba kuwa da farashinta na Gwamnati. In ba mai sayen da ya taya sama da wannan farashi, ko da senti ɗaya, sai ƙungiyar gama kai ta manoma ta karɓi tabar, ta biya mai ita nan take. Ƙungiyar masu tabar gashi an kafa ta a 1946, mazauninta birnin Raleigh. Kuɗin da ta ke biya rance ne daga wata hukumar Gwamnati, tabar kuma ita ce jingina. Ƙungiya ta kan adana tabar, gama taba ba ta lalacewa da wuri in an gyara ta, har ranar da kasuwa ta gyaru ta sayar ta biya rancen.

A lura da cewa a yawancin waɗannan shekaru ba kuɗi Gwamnati ta ke ƙirga wa manomi a hannu ba. Tallafin yana cikin farashi ne. Da aka taƙaita yawan taba sai ta yi tsada, kamfanoni suka biya tsadar, su kuma suka ɗora ta bisa masu shan sigari.

Har wa yau, ba a aza wa manoma kaso sai da yardarsu. Bayan kowace shekara uku a kan jefa ƙuri'a, ba kuwa a zartarwa sai kashi biyu cikin uku sun yarda. A ƙarshen 1938 masu tabar gashi ba su ba da wannan rinjaye ba. A daminar 1939 kowa ya shuka iyakar ƙarfinsa, taba ta yi ambaliya. Ana cikin wannan sai yaƙi ya ɓarke a Turai cikin Satumba, masu saye na Ingila suka janye, aka sake rufe kasuwanni. Kafin shekarar ta fita manoma suka sake ƙuri'a, suka komo da kason da babban rinjaye.

4. Aikin Ofishin Gunduma

A nan ne darasin ya fi shafar malaman hakimai. Dokar a Washinton aka yi ta, amma a ofishin gunduma ta ke zama gaskiya ko ƙarya.

A wancan zamani kowace gona tana da lamba da takardarta a ofis, inda aka rubuta mai gona, da faɗinta, da kasonta, da abin da ta sayar kowace shekara. Bayan dashe ma'auna su kan fita su auna gonaki da sarƙa, su gwada da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Wanda aka samu ya shuka fiye da abin da aka yanka masa, tilas ya kashe rarar. In kaka ta yi a kan ba manomi katin sayarwa, duk abin da ya sayar a sito kuwa sai an rubuta a jikin katin.

Bisa ofishin akwai kwamitin manoma, waɗanda manoman gundumar da kansu su ke zaɓe. Su ne masu sauraron ƙara bisa awo da kaso da canjin mai gona. Amfanin wannan a fili ya ke, gama maƙwabci ya fi baƙo sanin iyakar gona. Amma aibinsa ma bai ɓuya ba. Tun a 1933, kuɗin rage gona sau da yawa hannun mai ƙasa ya ke shiga, shi kuwa wanda ya ke noma-mu-raba a gonar bai ga rabonsa ba, wani ma aka kore shi don ba a bukatar aikinsa. Manoma baƙaƙen fata, waɗanda su ke da yawa a gabashin Karolina ta Arewa, da ƙyar a ke samun ɗayansu cikin kwamiti. A 1997 wani manomi na jihar, Timothy Pigford, tare da waɗansu, suka kai Ma'aikatar Gona ƙara bisa bambancin da aka nuna musu wajen rance da taimako. Aka yi sulhu a 1999, Gwamnati ta biya diyya mai yawa, ta kuma sake ware fiye da dala biliyan 1 a 2010 domin waɗanda ba su shiga na farko ba. Rashin adalcin da aka yi a ƙananan ofisoshi, baitulmalin ƙasa duka ya biya shi.

5. Yadda Kaso Ya Zama Dukiya

Da farko da eka a ke yanka kaso. Manoma kuwa suka gane dabara: suka matse shuka, suka ƙara taki, eka ɗaya ta riƙa ba da abin da ya ninka na da. Taba ta sake yin yawa, kyanta kuma ya ragu. Saboda haka a 1965 aka haɗa wa tabar gashi haddin nauyi bisa na eka, a 1971 kuma aka mai da kason tabar shanya bisa laba.

Wani abu kuma ya faru wanda masu dokar 1938 ba su nufa ba. Tun da ya ke ba mai sayar da taba da riba sai mai kaso, sai kason kansa ya zama abin kuɗi. Gonar da ta ke da kaso ta fi maƙwabciyarta daraja nesa. Tun daga farkon shekarun 1960 aka yarda mai kason tabar gashi ya ba da hayarsa ga wani manomi cikin gundumarsu, amma ba a fita da shi waje. Da tafiya ta yi tafiya, masu kaso na farko suka tsufa, suka mutu, magada suka raba. Sai ga kaso a hannun gwauraye mata, da malaman makaranta, da 'yan kasuwa mazauna birni waɗanda ba su taɓa dasa taba ba. Manomi na ainihi kuwa, musamman saurayi mai farawa, sai ya biya haya bisa kowace laba kafin ya ga ribarsa. Kafin 2004 masu riƙe da kaso sun haura 300,000, alhali gonakin da su ke noma taba ba su kai 60,000 ba.

Duk da haka tsarin ya yi abin da aka kafa shi dominsa. Ya hana farashi tashi da faɗuwa, banki ya yarda ya ba mai kaso rance, kuma da ya ke kaso ba ya ƙetare iyakar gunduma, noman bai tattaru a wuri ɗaya ba. Ƙananan gonaki da yawa sun rayu saboda shi.

6. Abin da Ya Kawo Ƙarshensa

Abu uku suka haɗu suka kayar da tsarin.

Na ɗaya, sha'anin lafiya. A watan Janairu 1964 Babban Likitan Gwamnatin Amurka ya ba da rahoto cewa shan sigari yana kawo ciwon dajin huhu. Mutane suka fara tambaya, ƙaƙa Gwamnati za ta gargaɗi jama'a bisa taba da hannun dama, ta kuma tallafe ta da na hagu? A 1982 Majalisa ta yi doka cewa hasarar rancen taba kada ta ƙara faɗawa bisa masu biyan haraji. Aka aza wa manoma wani ɗan kuɗi bisa kowace laba domin cike giɓin, daga baya aka haɗa da masu saye. A 1998 manyan kamfanonin sigari suka yi sulhu da jihohi 46, suka ɗauki alkawarin biyan kimanin dala biliyan 206 cikin shekara 25 saboda kuɗin jinyar masu shan taba. Sigari ya yi tsada, masu sha suka ragu.

Na biyu, kasuwar duniya. Tsadar tabar Amurka ta buɗe ƙofa ga Birazil da Zimbabuwe da Malawi, waɗanda su ke sayarwa da araha. Har kamfanonin Amurka suka riƙa sayowa daga waje. Da bukata ta ragu sai aka riƙa yanke kaso, har ya ragu da kusan rabi tsakanin 1997 da 2004. Kaso ya yi ƙaranci, hayarsa kuwa ta hau.

Na uku, tun daga shekara ta 2000 kamfanoni suka fara ƙulla yarjejeniya da manomi kai tsaye tun kafin shuka. Cikin 'yan shekaru kaɗan yawancin taba ta daina bi ta gwanjo, sito-sito suka yi ta rufewa.

7. Biyan Diyya

Ranar 22 ga Oktoba 2004 Shugaba George W. Bush ya sa hannu ga dokar da ta soke kaso da farashin Gwamnati gaba ɗaya. Amma da ya ke mutane sun sayi gonaki, sun ci bashi, sun shirya tsufansu bisa darajar kaso, sai aka ga ba daidai ba ne a soke shi hannu sake. Aka yanka diyya kamar haka:

(a) Mai kaso, ko yana noma ko ba ya yi, dala 7 bisa kowace laba ta kasonsa, bisa lissafin shekarar 2002.

(b) Manomin da ya ɗauki kasadar noman, dala 3 bisa kowace laba, in ya yi noma a 2002 da 2003 da 2004. Wanda ya yi shekara biyu yana da kashi biyu cikin uku, mai shekara ɗaya kuwa sulusi.

(c) Biyan kashi goma ne daidai wa daida, shekara shekara, daga 2005 zuwa 2014.

Ga misali domin lissafi. A ce wata gona kasonta laba 10,000 ne. Mai kason zai sami dala 70,000, watau 7,000 kowace shekara. Wanda ya yi hayar kason ya noma shekara ukun nan zai sami 30,000, watau 3,000 kowace shekara. In mutum ɗaya ne mai kaso kuma manomi, ya haɗa 100,000.

Jimlar abin da aka tanada ta kai kimanin dala biliyan 10. Karolina ta Arewa ta sami kusan biliyan 4, Kentaki kuwa wajen biliyan 2 da rabi. Ba daga harajin jama'a aka ɗebo ba. An aza wa kamfanonin da su ke yin sigari da masu shigo da shi, kowa gwargwadon cinikinsa, ana karɓa bayan kowane wata uku.

Rajistar masu hakki a ofisoshin gunduma aka yi ta. A nan tsofaffin takardu suka yi rana. Inda aka rubuta gado da sayarwa da haya a lokacinsu, an biya ba gardama. Inda mai gona ya mutu ba a raba gado a rubuce ba, ko inda aka yi haya da fatar baki, sai da aka nemi shaida aka sasanta kafin a biya. Doka ta kuma yarda mutum ya sayar wa banki da hakkinsa na shekara goma ya karɓi kuɗi dunƙule, banki ya cire ladansa. Mutane da yawa sun bi wannan hanya.

Tun da rabon bisa yawan kaso aka yi shi, mai babban kaso shi ya kwashi mai tsoka. Dubban masu ƙananan kaso abin da suka samu bai taka kara ya karya ba.

8. Abin da Ya Biyo Baya

A kakar 2005 farashin taba ya faɗi da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Tsofaffi da masu ƙananan gonaki suka karɓi diyyarsu suka bar noman. Waɗanda suka rage, da ya ke ba haya ba haddi, suka faɗaɗa gonaki, suka ƙara injuna, suka dogara ga 'yan ƙodago masu zuwa daga Meksiko. Ƙidayar gonaki ta Gwamnati ta nuna yadda abin ya tafi: a 1954 gonakin taba sun haura 500,000, a 2002 kimanin 57,000, a 2007 kimanin 16,000, a 2017 kimanin 6,000. Biyan diyya ya ƙare a 2014. Yanzu manomin taba ba shi da farashin Gwamnati, sai abin da ya ƙulla da kamfani, ko da ya ke inshorar amfanin gona wadda Gwamnati ta ke tallafawa tana shafarsa kamar sauran manoma.

Jihohin biyu sun yi ƙoƙarin buɗe wa mutanensu wata hanya. A 1999 Karolina ta Arewa ta kafa gidauniya da rabin kuɗinta na sulhun 1998 domin gundumomin da suka dogara ga taba. A 2000 Kentaki ta ware rabin nata domin raya noma, aka taimaki manoma da yawa wajen gyaran kiwon shanu. A gabashin Karolina ta Arewa kuwa noman dankali ya bunƙasa ƙwarai.

9. Abin Lura Ga Hakimai da Malamansu

Sha'anin nan ba baƙo ba ne sarai a ƙasar nan. An buɗe masana'antar sigari a Zariya a 1959. Hukumomin ciniki kuma sun yi shekaru suna yanka farashin gyaɗa da auduga kafin a soke su a 1986. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, yarjejeniyarta ta 2003 kuwa, wadda Nijeriya ta shiga, tana neman gwamnatoci su taimaki manoman taba su sami wani abin yi. Darussan da za a ɗauka sun shafi kowane irin tallafi, ko na taki, ko na iri, ko na rance.

Na farko, a kiyaye littafi. Duk canjin mai gona, ko ta gado, ko saye, ko jingina, ko aro, a rubuta shi ranar da ya faru, da shaidu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a rarrabe mai gona da mai noma gona. In an rubuta sunan mai ƙasa kaɗai, taimakon da aka nufi manomi da shi zai tsaya a hannun wanda bai riƙe fartanya ba.

Na uku, masu rabo kada su zama 'yan gida ɗaya. A karanta sunayen masu samu a bainar jama'a, a kuma bar ƙofa ga wanda aka tsallake ya kai kuka gaba ba tare da tsoro ba.

Na huɗu, duk takardar da ta ke ba da hakkin samun tallafi za ta zama abin ciniki in ba a sa ido ba. Hakimi ya bincika ko akwai masu sayen katunan talakawa da araha.

Na biyar, a gaya wa manoma gaskiya tun da wuri cewa tallafi yana da ranar ƙarewa, domin kada su aza dukan nauyin gidansu bisa amfani ɗaya.

Tambayoyi Domin Bita

1. Waɗanne abubuwa biyu ne tsarin 1938 ya tsaya bisansu, kuma don me ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗayan?
2. Me ya sami manoman tabar gashi a 1939?
3. Ta yaya kaso ya fita daga hannun manoma ya koma hannun waɗanda ba su noma?
4. Gona mai kason laba 4,000, mai ita ya ba wani haya ya noma a 2003 da 2004 kaɗai. Nawa kowannensu zai samu gaba ɗaya, nawa kuma kowace shekara?
5. A gundumarku, waɗanne takardu ne za a dogara gare su in aka ce yau a rubuta dukan masu noma gonar da ba tasu ba?